Tsingaron Kufai

Mu magina ne. Uwata maginiya, uwarta maginiya, haka abin ya tafi har inda baki ba ya iya kaiwa. Ba ginin ɗaki nake nufi ba, ginin tukwane: randa, tulu, tukunyar tuwo, kaskon wuta, tandar waina. A ƙasarmu in mace ta ƙwanƙwasa randa a kasuwa ta ji ta amsa garau, ba ta tambayar daga ina ta fito, ta san ta gidanmu ce. In wannan alfahari ne, to gadonsa na ci.

Yau kuwa a Dubai nake, hawa na uku, unguwar da suke kira Intanashinal Siti, a gidan ɗana na fari. Gwiwa ce ta kawo ni. Aka yi aiki, likita ya ce a zauna a ga yadda za ta yi, aka yi ta sabunta biza, zama ya miƙe. Ta taga ina hangen rufin kasuwar 'yan Sin, doguwa kamar ba za ta ƙare ba, motocin haya na shiga suna fita. Ƙasar da zan taɓa da hannu babu, sai ta cikin tukunyar furen surukata, ita ma ba ƙasa ba ce, wata baƙar dusa ce da ake saye a leda.

A nan saƙon ƙanwata ya same ni, wata safiya bayan na karya kumallo. Ita ce ta rage a gida tana riƙe da sana'ar, ita da 'yan matan danginmu da ba su saki yumɓu ba. Ba ta rubutu, ni ma ba na yi, murya muke aika wa juna ta waya. Bayan gaisuwa da tambayar ƙafa sai ta ce:

"Yaya, ga abin da ke nan. Ruwan bana ya zabge gefen kufai, wajen ƙofar gabas, ya buɗe kwazazzabo. Bakunan randuna sun fito, manya, a jere. Wani malamin makaranta ya ɗauki hoto, sai ga mutane daga jami'a. Sun hau sun sauko, sun ce suna so su yi tono bayan kaka, amma sai mun daina ɗibar tsingaro a kan dutsen, ba na bana kaɗai ba, har abada. Mai gari ya ce shi ba ya shiga maganar tukunya, a tambayi babbar magina. Ke ce babba. Toyi ya matso, turminmu wayam. Ki faɗa mana, mu hau ko kada mu hau."

Bari in yi bayanin kufai saboda wanda bai san mu ba. Garinmu na yanzu a gindin dutse yake, amma asalinsa a bisa ne, can kan dutsen, inda kakanninmu suka zauna zamanin hare-hare, suka kewaye kansu da ganuwar duwatsu. Kakata, uwar uwata, a can aka yanke mata cibi. Da duniya ta lafa aka sauko, gidaje suka zube, ciyawa ta cinye su. Abin da ya rage shi ne guntayen ganuwa, da duwatsun niƙa da suka yi rami saboda aiki, da tsingaro, wato fasassun tukwanen mutanen da, birjik kamar an shanya.

Yumɓun rafinmu yana da kyau, amma yana da zuciya. In kika gina shi zalla zai yi miki kyau a inuwa, ya yi miki kyau a rana, ranar toyi wuta na kama shi sai ya tsage. Maganinsa tsingaro. A daka tsohon tsingaro a turmi, a tankaɗe, a zuba garin cikin yumɓu a tattake da ƙafa. Abin da ya riga ya sha wuta ba ya tsoron wuta, shi ke riƙe sabo. Yashi ma yana yi, wasu garuruwan da shi suke, sai dai tukunyarsu nauyi gare ta, ba ta kuma amsawa. Mu kuwa ba kowane tsingaro muke dakawa ba, sai na kufai. A gidanmu ana cewa tukunya ba ta tsayawa sai da uwarta a ciki.

Bayan girbi muke hawa, da sassafe kafin dutse ya ɗau zafi, mata zalla, kowa da kwando da gammo. Ba a shiga ta ko'ina, ko da yake ganuwar ta zube har akuya na tsallakawa. Ta ƙofa ake shiga. Kakata takan tsaya tsakanin manyan duwatsu biyu da suka rage na ƙofar gabas, ta gyara ɗankwali, ta ce, "Salamu alaikum masu gida. 'Ya'yanku ne, aro muka zo." Ba wadda ke dariya. In mun shiga sai ta riƙa nuni da sanda: nan maƙera, nan kasuwa, nan aka fafe dutse ana tara ruwan sama, nan gidan sarki. Ta ce duk garuruwan da ake hange daga ƙofar gabas, sarkin kan dutsen nan suke kawo wa gaisuwa da damman dawa. Ba a rubuta wannan ko'ina ba. A bakinta na ji, na riƙe, na kuma faɗa wa 'ya'yana.

To da na ji saƙon ƙanwata, amsa na bakina: su hau. Wa zai hana 'ya ɗaukar kayan uwarta? Mutanen da ko hannunsu bai taɓa yumɓu ba su zo su shata mana iyaka da kakanninmu? Abin da ya hana ni aikawa nan take shi ne, babba ba ta yanke magana ranar da ta ji ta. Na ajiye wayar na ɗauki carbi.

Da ɗana ya dawo aiki, yana cin abinci, na gaya masa. Ya saurara har ƙarshe, ya wanke hannu, sannan ya ce, "Inna, da za ki bari su tona."

"Su tona su sami me? Abin da na faɗa maka tun kana goye?"

"Su sami abin da za a nuna."

"A nuna wa wa?"

Ya ɗauki kwanonsa ya tashi. Ba ya musu da ni gaba da gaba, ban yi masa wannan tarbiyya ba. Shi kamar ruwa yake, in ya tarar da dutse sai ya kewaya.

Ranar Asabar da la'asar ya kewayo. Maƙwabciyarmu tana nan a falo, 'yar Zangon Kumasi, mai aikin guga a wani otal a unguwar Rigga. Ranar hutunta takan kawo mini shinkafa da wake irin tasu, wadda suke dafawa da karan dafi ta yi ja, ta zauna ta yi ta tsokanata. Mma take ce mini. Ɗana ya kunna talabijin, ya nemo wani shiri na Turanci, ya ce zai fassara mana.

"Mma, yau ɗanki ya zama tafinta," in ji ta. "Da me za mu biya shi?"

"Da ƙanzon shinkafarki, in kin bar masa."

Wani tudu aka nuna, a ƙasar Ƙudus, yamma da birnin, ya leƙa wani kwari mai faɗi. A kansa mutane durƙushe cikin rana, maza da mata, suna share ƙasa da 'yan tsintsiyoyi kamar na goge haƙori. Abin da suka share ya fito fili: ganuwa ta manyan duwatsu ta zagaye tudun, ƙofa biyu, ga ɗakuna manne da jikin ganuwar. Na san wannan zubin. Wanda ya taɓa zama cikin tsoro a kan tudu, ko a ina yake, haka yake gini.

Ɗana ya ce gardama ce ake yi a kan mulkin Annabi Dawuda, alaihissalam. Wasu masanan sun ce abin da littattafai suka faɗa ya wuce abin da aka yi, wai a zamaninsa babu wata daula a wurin, ƙauyuka ne da makiyaya. Masu tonon nan kuma suka ce, to wa ya sa aka ɗaga waɗannan duwatsun? Ƙauye ba ya irin wannan gini. Sai da mai ba da umarni, da masu bi, da rumbun da za a ciyar da masu aiki.

Na ce, "A'uzu billahi. Annabin da aka saukar wa Zabura, aka tausasa masa ƙarfe a hannu, shi ake nema wa shaida da tsintsiya?"

"Ba annabcin suke tonowa ba, Inna, wannan ba ya cikin ƙasa. Garin suke nema."

Aka nuna wasu 'yan baƙaƙen abubuwa a tafin hannu. Ya ce ƙwallayen zaitun ne da suka ƙone, an kai su an auna, sun nuna garin ya yi kusan shekara dubu uku, daidai zamanin da ake magana a kai. Maƙwabciyar ta ajiye cokali.

"Wato wani ya ci zaitun ya tofar da ƙwallo, shi ne yau ya zama mai shaida? Halas, shi ke nan, daga yau zan riƙa lura da inda nake tofar da ƙwallon dabino. Kada a tono ni a ce sarauniyar Rigga ce."

"Za su gane ki," na ce. "Za su tarar da dutsen guga."

Ɗana ya ci gaba. An tara ƙasusuwan abin da mutanen garin suka ci, na tumaki, na awaki, na shanu, ba a ga na alade ba, alhali maƙwabtansu na kwari suna ci. Masu tonon suka ce wannan ma alama ce ta ko su wane ne. Amma ya ce duk da haka akwai masanan da ba su yarda ba, sun ce garin na iya zama na wasu mutanen daban, ganuwa ba ta faɗin sunan wanda ya sa aka yi ta.

"To ka gani," na ce. "Sun tona, sun sha rana, gardama ba ta mutu ba."

"Ba ta mutu ba. Amma yanzu a kan wani abu ake yin ta."

Ina shirin ba shi amsa aka nuna wani dogon tebur. An jera mariƙan tuluna a kai, fasassu, da yawa, kowanne da ɗan rami a jikinsa. Na ce ya tsayar da hoton. Na ɗauki sandata na tashi, na je dab da gilashin.

Yatsa ne. An danna shi tun yumɓu na ɗanye. Ɗana ya ce masanan na ganin alama ce ta cewa tulun na rumbun hukuma ne, na mai ko na hatsi da ake tarawa. Wannan su suka sani, ban musa ba. Ni abin da na sani shi ne lokacin da aka danna. In yumɓu ya yi ruwa ramin zai rufe, in ya bushe gefen zai tsage. Akwai wani ɗan tsakani, in tulu ya kwana a inuwa ya yi sanyi kamar kumatun jariri, a nan ne yatsa ke shiga ya fito ya bar kansa. Wani mutum, mace ce ko namiji ban sani ba, ya zauna a ƙasa kamar yadda na zauna, bayansa na ciwo kamar yadda nawa ya yi, ya danna, ya tura gefe, ya jawo na gaba. Sunan sarki yana cikin littattafai, ana ma gardama a kansa. Wannan kuwa ba littafin da ya san da shi. Amma ga yatsansa.

Na ɗora babban yatsana a kan gilashin. 

Abin da ya zo mini a rai shi ne, da a kan dutsenmu wannan mariƙin yake, da tuni mun daka shi. Da ya shiga randa, randar ta sanyaya ruwa, wani ya sha ya yi hamdala, ta fashe, ta tafi. Ban ce mun yi laifi ba. Ba mu yi ba. Abinmu muka ɗauka, da sallama, muka mayar da shi aiki. Sai dai ban taɓa tunanin cewa abin da ake ɗiba kowace kaka tun kafin a haifi uwata yana iya ƙarewa ba. A hawana na ƙarshe, kafin gwiwa ta hana ni, sai da muka wuce maƙera muka wuce kasuwa kafin kwando ya cika. Na ga hakan a lokacin, na ɗauka idona ne ya rage.

Ban aika amsa ba ranar, ban aika washegari ba.

Cikin makon maƙwabciyar ta raka ni unguwar Satwa wajen tela, za a rage mini wata riga. Muna cikin bas, a gaba inda mata ke zama, na buɗe mata cikina. Na ce abin da ke damuna akwatin gilashi ne. Na ga yadda suke yi a shirin nan: su wanke tsingaro, su manna masa 'yar takarda, su rufe shi inda ruwa ba zai sake taɓa shi ba. Wannan ai kabari ne. A hannunmu kuwa tukunyar kakar kakata har yau tana aiki, tana cikin randar da ke ƙofar masallaci, tana cikin kaskon mai jego.

Ta juyo ta dube ni. Sannan ta ce, "Mma, kakana da fataken goro ya zo Kumasi. Daga ina? Baba ya ce Kano. Gwaggona ta ce Katsina. A Zango kowa Kano yake cewa, don ita aka sani. In aka tambaye ni garinmu sai in ce Zango, a ce Zango ai masauki ne, in ce to a nan aka sauke ni. Ko dutse ɗaya ba mu da shi da za mu nuna. Ke kina da dutse guda da ƙofa, kina tambaya ko a daka."

"Ba dutsen ake dakawa ba."

"Na sani. Ke kin sha ruwan randar, Mma. Jikokinki fa, masu shan na firij?"

Na ce mata bakinta ya fi dutsen gugarta zafi. Ta ce yalla, tashi mu sauka, an zo.

Kowace safiya kafin ya tafi aiki ɗana kan sauko da ni mu zaga tsakanin gine-ginen, saboda likita ya ce gwiwa tafiya take so. Wata safiya muna tafe, hannuna a kafaɗarsa, ya ce, "Inna, in faɗa miki wani abu, kada ranki ya ɓaci."

"In ka san zai ɓaci ai ka riga ka yanke."

"Labarin sarkin kan dutse. Ina jin daɗinsa, har yau ina iya faɗinsa yadda kike faɗi. Amma tun ina makaranta, cikin tatsuniyoyi na ajiye shi. Ban taɓa ɗaukar an yi ba."

Na tsaya. Wani mai shara yana tura kekensa ya kewaye mu. Ban taɓa yi wa yaron nan ƙarya ba, ko ta rarrashi. Abin da kakata ta gani da idonta, ta faɗa mini tana tsaye a wurin, na ɗauko shi shekara da shekaru ban zubar da ko kalma ba, ashe a hannun ɗan cikina ya riga ya zama tatsuniya. In haka yake a wurinsa, shi da ya taɓa ganin dutsen, ina ga 'ya'yansa?

Ya ce, "Kuma sai in gaya miki ɗaya gefen. In sun tona, ba lalle su sami abin da Kaka ta faɗa ba. Suna iya cewa ƙaramin gari ne. Suna iya cewa waɗanda suka yi ganuwar wasu ne da suka riga mu, mu tarar da ita muka yi. Ƙasa ba ta kara."

"Na san ƙasa kafin a haife ka," na ce. Muka ƙarasa zagayen.

Ran nan da hantsi saƙon ƙanwata na biyu ya shigo, ba doguwar gaisuwa.

"Yaya, shirun ya isa. An kwaɓa yumɓu yana jira, an tara kara da kashin shanu. Ke kina can cikin sanyin inji ana kawo miki abinci, mu ke gaban wuta. In muka toya ba tsingaro rabi zai fashe, kin sani. In muka sa yashi, mun zama kowa. Matan nan da suka rage, toyi ɗaya ya lalace za su watse, sai dai ki dawo ki tarar ana sayar da bokitin roba a zaurenmu. Mutanen jami'a za su tona su tafi. Mu fa?"

Gaskiya ta faɗa, duk. Na zauna da wayar a cinya har aka kira azahar. Na yi salla a kan kujera, yadda gwiwa ta koya mini. Da na shafa addu'a na ce surukata ta kira mini ita, ba saƙo ba, baki da baki.

"Kada ku hau," na ce.

 Ina jin kaji a tsakar gidanmu.

"To da me za mu toya?"

"Makullin ɗakina yana wurinki?"

Kowace maginiya tana da tukwanen da ba ta sayarwa. In toyi ya fito da wadda ta fi sauran, wadda hannu da wuta suka yi daidai a kanta, ba ta zuwa kasuwa, ɗaki take shiga. Nawa sun cika ƙuryar ɗakina a gida, randuna da tuluna, tun na ƙuruciya har na ƙarshe da na gina kafin ƙafa ta gaza. Su nake tunawa in na rufe ido a wannan bene. Su na so in koma in tarar, in ƙwanƙwasa ɗaya bayan ɗaya.

"Ki buɗe ki fitar da su," na ce. "Kowacce da tsingaron kufai a cikinta, da hannuna na daka. Ku fasa ku daka. Uwa tana ciki."

"Yaya, kin san abin da kike faɗa?"

"Ban tsufa har haka ba."

"In sun ƙare fa?"

"Za su kai ku 'yan shekaru. Kafin su ƙare, waɗanda kuka gina da su sun fara fashewa a gidajen mutane. Ku bi ku karɓo fasassun, kada a zubar a juji. Uwa ba ta ƙarewa, sai dai ta yi nisa."

Ta ce ba haka aka saba ba. Na ce na sani. Ta ce Kaka ba za ta so ba. Na ce ni na fi ta sanin Kaka, ita ana goyonta ne sa'ad da nake ɗaukar kwando. Ta ce ko yanzu sai na tuna mata. Na ce har kabari.

Na kuma ba ta sharaɗin da za ta kai wa mai gari. Masu tono su shiga ta ƙofa, kada su tsallaka ganuwa. Mace ɗaya daga gidanmu ta tsaya a kansu duk ranar da suke aiki, ita za ta yi sallama. In sun gama, kafin su kai labari ko'ina, su sauko su zauna a zaurenmu su faɗa mana da Hausa abin da suka gani, ko ya yi mana daɗi ko bai yi ba.

"In suka ce babu sarki fa?"

"Sai mu ji. Ni dai na san abin da aka faɗa mini. Amma gara a yi gardamar a kan randa da a yi ta a kan bakin tsohuwa, don bakin ya kusa rufewa."

Ta ce in daina irin wannan magana. Muka yi sallama.

Washegari da safe ta kira. Ta ce sun fitar da su tsakar gida, matan duk suna nan, an kawo taɓarya, amma ba wadda ta iya ɗaga hannu. Sun ce sai mai su ta yi bisimilla. Ta ce wacce za a fara?

"Babbar ta kusurwa, mai zanen igiya a wuya."

"Wadda kika gina da cikin fari?"

Ɗana yana tsaye bakin ƙofa da jakar aikinsa. Ban kalle shi ba.

"Ita. Ku kifa ta tukuna, ku bugi gindi, nan ne ya fi kauri. Bismillahi."

Na ji ana jan ta a ƙasa. Na ji wata daga cikin matan tana salati a hankali. Sannan ƙarar ta zo, ta ratso duk wannan nisa ta fito ta 'yar wayar da ke hannuna. Bugun farko ba ta fashe ba, amsawa ta yi, doguwar amsa, yadda ta amsa ranar da na zaro ta daga toka ina yarinya mai ciki. A na biyu ta buɗe.

Ƙanwata ta dawo kan wayar. Ta ce cikin jikin randar ja ne har tsakiya, babu baƙi ko kaɗan, wuta ta ratsa ta sarai.

"Ai na sani," na ce. "Ku daka da laushi, ku tankaɗe sau biyu. Kada ku yi mini ganda."

Na miƙa wa surukata wayar. Ɗana ya ajiye jakar, ya zo ya durƙusa gefen kujerata. Can na ce masa ya tashi kada bas ya wuce shi.

An yi toyin, ƙanwata ta ce kaɗan ne suka tsage, kamar kowace shekara. Masu tono sun kafa tantinsu a gindin dutse, wata 'yar ƙanen mahaifinmu ce ke hawa da su. Ta ce aikinsu a hankali yake, yini guda ba sa share abin da ya kai faɗin tabarma. Har yanzu ba su sauko zaure ba, ban kuma san abin da za su ce ba.